Tafiyar wata guda da jakar hannu kaɗai: yadda ake lissafin kilo 7

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tafiyar kwana 30 a watan Disamba: taron mako guda a Istanbul, daga nan umara ta kwana 12, sannan in biya Alƙahira wajen ƙanena kafin in dawo Kano. Jirgi biyar zan hau, kuma ba na kamfani ɗaya ba ne. A tafiyata ta baya akwatina bai iso ba sai bayan kwana huɗu. Shin jakar hannu kaɗai za ta riƙe ni tsawon wannan lokaci, ko kuwa dabara ce ta masu tafiyar kwana biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ta riƙe ka, in ka yarda za ka yi wanki. Abin da ke ruɗin mutane shi ne lissafa kaya da yawan kwanaki: kwana 30, sai a zuba kaya kala 15. Wanda ya saba da hanya kayan kwana biyar zuwa bakwai yake ɗauka, ya riƙa wanke su yana mayarwa, kuma da su zai yi mako biyu, da su zai yi wata uku. Tsawon tafiyar ba shi ne zai ba ka wuya ba. Abubuwan da za su ba ka wuya su ne sikeli, sanyin Istanbul, da tsarabar dawowa.

Mu fara da sikeli, domin shi ne alƙalin. Babu doka ɗaya da ta hau kan dukkan kamfanonin jirgi. Turkish Airlines da Lufthansa suna yarda da kilo 8 a jaka mai santimita 55 × 40 × 23. Emirates, Qatar Airways da Ethiopian kilo 7 suke bai wa mai ƙaramar kujera, kuma awon jakar Qatar ya fi na saura matsewa a tsayi, 50 × 37 × 25. British Airways kan bar mutum da har kilo 23 muddin zai iya ɗaga jakar da kansa, jiragen cikin gida na Amurka kuwa galibi girman jaka suke dubawa ba nauyinta ba. Shi ya sa shawarwarin da ake gani a intanet daga matafiyan Amurka ba sa yi mana aiki yadda suke: su suna fama da wuri, mu muna fama da kilo. Tunda jirgi biyar za ka hau, ka buɗe tikitin kowanne ka rubuta awonsa da nauyinsa, sannan ka ɗauki mafi tsananin ciki a matsayin dokarka ta dukan tafiyar. A hanyarka kusan tabbas kilo 7 ne. Awon kuma har da taya da mariƙi da aljihun waje in ya kumbura, domin a ƙofar jirgi cikin wani kejin ƙarfe ake zura jakar, in ba ta shiga ba magana ta ƙare.

Ka ƙara duba abu guda a kowane tikiti: ko ana yarda da ƙaramar jaka ta biyu, wadda ake turawa ƙarƙashin kujerar gaba. Wasu kamfanonin suna yarda, wasu kuma jaka ɗaya tal suke bayarwa, ko su haɗa biyun su auna tare. Kamfanonin araha sun fi kowa tsanani. Akwai na Turai irin su Ryanair da Wizz Air waɗanda tikitinsu mafi sauƙi jakar ƙarƙashin kujera kaɗai ya ƙunsa, ta sama sai an biya. Biyan a intanet kafin ranar tafiya ya fi biyan a ƙofar jirgi sauƙi nesa ba kusa ba. Kada kuma ka dogara da cewa ka yi rajistar shiga jirgi ta waya don haka ba wanda zai ga jakarka. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yawanci sai ya je kanta an duba bizarsa, kuma a nan ne za a ce masa ya ɗora jakar a sikeli.

Yanzu jakar kanta. Akwati mai taya huɗu, ko babu komai a ciki, yakan kai kilo 2.5 zuwa 3.5. Ka cire wannan daga kilo 7, abin da ya rage maka bai wuce kilo huɗu da rabi ba. Jakar goyo mai lita 35 zuwa 40 kuwa tana tsakanin kilo ɗaya da ɗaya da rabi. Bambancin kusan kilo biyu ne, wato kaftani uku. Na san dattijo ko babban ma'aikaci ba ya son a gan shi goye da jaka kamar ɗan makaranta, amma lissafi ba ya jin kunya. Ka nemi wadda zif ɗinta ke buɗewa gaba ɗaya kamar akwati, ba mai baki a sama irin ta masu hawan dutse ba, wadda sai an zazzage komai kafin a kai ga abin da ke ƙasa. Ta kasance da ɗamarar ƙugu ko da siririya ce, da mariƙi a gefe don a riƙe ta a hannu in za a shiga ɗakin taro. In ciwon baya ya hana ka goyo, ka sayi akwati na yadi mai taya biyu wanda bai kai kilo 2 ba. Masu taya biyu sun fi jure titin duwatsu irin na tsohuwar Istanbul, kuma tayoyinsu a lume suke cikin jiki, ba sa cin awo.

Ga yadda kilo 7 ke rabuwa ga namiji, da ƙiyasin da za ka tabbatar da sikelin kicin a gidanka, domin yadi ya bambanta. Jaka giram 1,100. Kaftani da wando kala biyu na yadi marar nauyi, 1,300. Jallabiya ɗaya, 350. Singileti uku, gajeren wando huɗu, safa ƙafa uku, 600. Riga mai dogon hannu ta sakawa a ciki da wandon barci, 400. Harami, 900. Silifas, 250. Kayan wanka da na goge baki, 500. Caja, adafta da fawa banki, 600. Magani da takardu, 250. Jimla giram 6,250. Ragowar 750 ka bar su, kada ka cike. Sikelin gida da na filin jirgi ba sa cika yin daidai, kuma a taro za a miƙo maka takardu da ƙaramar kyauta da ba za ka iya jefarwa a gaban mai ita ba. Kala na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne a jikinka ranar tafiya, tare da takalmi sau-ciki, suwaita, jaket da hula. Abin da ke jikin mutum ba a auna shi. Aljihun jaket kuma yana ɗaukar waya, fasfo, fawa banki da caja.

Ka lura ban sa kwamfuta ba. Laftof na yau da kullum tare da cajarsa yana cin kilo 1.5 zuwa 2.5, kuma shi kaɗai ke rushe wannan lissafi. In gabatarwa kawai za ka yi a taron, ka zuba ta a filas da kuma imel ɗinka, ka yi sauran aiki da waya. In dole ne ka tafi da shi, to sai ka tabbatar duk jiragen biyar suna yarda da jaka ta biyu, ko ka sauke kaftani ɗaya da harami.

Maganar tufafi ita ce inda kayanmu suka bambanta da na waɗanda suka ƙirƙiro wannan salon tafiya, don haka bari in daɗe a kanta. Shadda mai sitati da sheƙi ba kayan jakar hannu ba ce. Tana da nauyi, ninki yana zama mata layi, kuma in ka wanke ta a bahon otal ta mutu, domin babu mai bugu a Istanbul. Babbar riga mai aiki ita kaɗai tana iya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kilonka. In taron ya buƙaci babbar shiga, kaftani mai kyan ɗinki da hula mai kyau sun wadatar. A wajen Turawa da Larabawa hular ce ma ake fara gani. Yadin da ya fi dacewa shi ne mai haɗin auduga da roba. Zallar auduga tana da daɗi a jiki amma tana yamutsewa tana kuma jinkirin bushewa. Zallar roba tana bushewa cikin sa'o'i kaɗan amma tana riƙe warin gumi, kuma a zafin Makka ba ka son ta. Gwajin mai sauƙi ne: ka damƙe gefen yadin a tafin hannu ka ƙirga zuwa ashirin ka saki. In ya miƙe da kansa, ya ci. Sannan ka jiƙa rigar da daddare ka shanya ta a ɗaki, ba a rana ba. In da asuba da sauran danshi, ta zauna a gida.

Launi ma lissafi ne. Toka, ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu suna ɓoye datti, kuma wandon wannan yana hawa da rigar waccan, sai kala uku su zama kamar biyar. Fari sau ɗaya ake saka shi. Jallabiya ce ke aikin mutum uku: da ita za ka je masallaci, da ita za ka zauna a masauki lokacin da sauran ke kan shanya, a Makka da Alƙahira kuma da ita za ka shiga kasuwa ba mai kallon ka. Hula ɗaya a kai, in ka ɗauki ta biyu ka cusa mata safa a ciki ka sa ta a saman kaya don kada ta lotse.

In uwargida ce za ta yi irin wannan tafiya, tsarin bai canja ba. Turmin atamfa mai yadi shida ya kusa giram 700 tun kafin a ɗinka, leshi mai duwatsu ya fi haka nesa. Abaya biyu marasa nauyi, doguwar riga biyu ta ciki, hijabi biyu, mayafi ɗaya babba wanda zai zama bargo a jirgi, da ɗinkin atamfa ɗaya na fita kunya sun isa wata guda.

Sanyi ba a maganinsa da babbar rigar sanyi guda ɗaya. A Disamba Istanbul tana tsakanin digiri 5 da 11 ga yawan ruwan sama da iska daga teku, Makka da rana tana kusan 30, Madina da asuba akwai sanyi mai shiga ƙashi, Alƙahira kuma da rana dama-dama, da dare sai an rufa. Rigar sanyi mai kauri za ta yi maka mako guda sannan ta zama kaya har mako uku. Abin da ke aiki shi ne hawa-hawa: singileti, riga mai dogon hannu mai kama jiki, kaftani, suwaita siririya, sai jaket marar nauyi mai tare iska da ruwa a sama. Iskar da ke maƙalewa tsakanin hawa da hawa ita ce ke riƙe ɗumi. Ka ƙara dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin wandon kaftani, domin wandonmu sakakke ne, iska ta ƙasa take shiga. A Madina suwaita kaɗai ta isa, a Makka duk su koma ƙasan jaka. Lema kuwa ka saya can in ruwa ya tsare ka.

Wanki shi ne ginshiƙin abin duka, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne tara shi. Kullum da daddare ka wanke singileti, gajeren wando da safar da ka cire, minti biyar ne. Kaftani duk bayan sakawa biyu ko uku. In bahon wanke hannu ba shi da murfi, ka toshe ramin da safa, ko ka yi wankin cikin leda mai kauri. Ka jiƙa minti goma zuwa sha biyar da sabulu kaɗan, domin yawan kumfa yawan ɗauraya ne. Ka cuɗa wuya, hammata da bakin hannu, ka ɗauraye sau biyu. Sirrin bushewa yana nan: kada ka murɗe rigar har ta yamutse. Ka matse ta sama-sama, ka shimfiɗa ta kan tawul ɗin otal, ka naɗe su tare kamar tabarma, ka taka da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan. Tawul ɗin zai tsotse mafi yawan ruwan. Sai ka rataye ta a hanga inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka ke bugawa, ba cikin banɗaki ba, inda danshi ke tsare. Igiya siririya mai mita uku ba ta kai giram 30 ba, kuma tana maganin ɗakin da ba shi da wurin rataya. A Makka da Madina iska busasshiya ce, kafin ka dawo daga sallar asuba kaya sun bushe, kuma akwai shagunan wanki da guga a kusan kowace unguwar masauki, suna bayarwa a rana ɗaya da kuɗi ƙasa da na otal, wanda ɗaiɗai yake ƙirga kaya. A Istanbul da sanyi ka ba kaftani dare biyu. Dokar da ba a karyawa: daren da za ka tashi da safe ba a wanki, domin jiƙaƙƙen kaya nauyi ne a sikeli, wari ne a jaka. In babu dutsen guga, ka rataye kaftani a banɗaki lokacin da kake wanka da ruwan zafi, tururin zai saki mafi yawan yamutsin.

Sai dokar ruwa-ruwa, wadda aka kafa a 2006 bayan an bankaɗo wani shiri na tarwatsa jirage da sinadarin ruwa a Landan. Kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, kuma duka su shiga leda guda mai haske mai zif, mai cin lita ɗaya, kamar santimita 20 × 20. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba: kwalbar 200 da turare ya kai rabi za a karɓe ta. Wasu filayen jirgi masu sababbin na'urori sun sassauta, amma kai da za ka bi ta biyar ko shida, ka tsaya kan tsohuwar dokar. Abin da mutanenmu ke mantawa shi ne ba ruwa zalla ake nufi ba. Duk abin da ake shafawa, a matsa, ko a zuba yana ciki: makilin, man shafawa, man kaɗanya, zuma, man shanu, humra, kwaɓaɓɓen lalle. Mafita ita ce a koma ga busassu. Sabulu na dunƙule yana wanka yana wanki, asuwaki ba ya shiga lissafin leda, turaren mai ɗan mililita 6 ko 12 yana kai wata. Ka tuna mai harami ba ya amfani da abu mai ƙamshi, don haka ka yanki ɗan sabulu marar ƙamshi daban. Magani na ruwa da abincin jariri an keɓe su daga iyakar 100, amma a fito da su a nuna. Gorar ruwa a shiga da ita babu komai, a cika bayan an wuce bincike. Buta ba ka buƙatar ta: banɗakunan Turkiyya, Saudiyya da Masar kusan duka da ruwan tsarki a jikinsu.

Masu kaifi: abin aski mai mariƙin roba wanda rezarsa ke manne yana wucewa, reza tsirara ta takarda ba ta wucewa, wuƙa kowace iri ba ta wucewa. Almakashi a yawancin wurare sai bakinsa bai wuce santimita 6 ba, kuma ko hakan wani jami'in zai karɓe. Ba ka buƙatarsa, masu aski suna nan birjik a kusa da Marwa.

Fawa banki dole a cikin jirgi tare da kai, ba a kayan awo ba, saboda in batirin ya kama da wuta a sama ana ganin sa a kashe. Iyakar ita ce 100Wh (Wh ma'aunin ƙarfin batir ne) ba tare da izini ba, daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin, sama da haka haramun ne. Lissafin: ka ninka adadin mAh da ke rubuce a jikin fawa bankin da 3.7 ka raba da 1,000. Mai 20,000 ya zama 74, an yarda da shi. Mai 30,000 ya zama 111, ya tsallake iyaka. Manyan nan da muke saye saboda rashin wuta a gida, masu 40,000 da 50,000, ka bar su a gida. Mai 10,000 ya ishe ka, nauyinsa kusan giram 200 ne, kuma rubutun ƙarfinsa ya kasance ana karantawa, domin wanda ya goge ana iya karɓe shi. Tun bayan gobarar jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025 kamfanoni suka ƙara tsanani; Emirates daga 1 ga Oktoban 2025 ta hana amfani da shi a cikin jirgi, guda ɗaya kuma ake yarda a shiga da shi. Game da soket, Saudiyya mai baki uku irin na Najeriya da Ingila take amfani da shi, Turkiyya da Masar kuwa mai zagayayyen baki biyu irin na Nijar da Faransa. Ƙaramin adafta guda da caja ɗaya mai rami biyu sun gama maka.

Maganin da kake sha kullum, na hawan jini ko suga, ka ɗauki na kwana 30 da ƙarin na mako guda, a kwalinsa na asali, da takardar likita. Tramadol da duk mai ɗauke da kodin ana tsananta musu ƙwarai a Masar, Saudiyya da Daular Larabawa. Kada ka kusance su ba da takarda ba. Goro ma hukumar alhazai ta sha gargaɗin kada a shiga da shi Saudiyya. Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara da shaidar allurar sanƙarau ta masu umara su zauna a aljihun jikinka, hotonsu kuma a waya.

Wajen zubawa, masu nauyi su jingina da bayanka, ƙananan kaya a naɗe su kamar tabarma su cike kusurwa, kaftani a ninke shi a tsaye sau biyu a shimfiɗa a sama. Ledar ruwa-ruwa a aljihun waje inda za ka zaro ta da hannu ɗaya. Ledojin nan da ake zuƙe wa iska ka guje su: wuri suke ragewa ba nauyi ba, sai ka ga fili ka ƙara kaya, garin neman ƙiba a samo rama. Ka kuma shirya wa ranar da za a karɓi jakar a ƙofar jirgi, ko don ma'ajiyar sama ta cika, ko don jirgin ƙarami ne da jaka mai santimita 55 ba ta shiga ma'ajiyarsa. Ka ajiye 'yar jakar yadi mai naɗewa a sama, da magani, batir, kuɗi da takardu a cikinta, ta yadda in an ce kawo, cikin daƙiƙa goma ka zare ta ka miƙa sauran. Shiga layi da wuri yana rage faruwar hakan.

Akwai haɗari guda da ya keɓanta da mai tafiya hannu sake, kuma shi ya fi duk abin da na lissafa girma. Tikitinka daga Kano mai yiwuwa ya ƙunshi akwati biyu na kilo 23 kyauta, kai kuma ba ka da ko ɗaya. A layin awo wani zai matso: "Alhaji, don Allah ara mini kilonka, kayana sun yi yawa." Kada ka yarda, ko dattijuwa ce, ko ɗan unguwarku ne. Jakar da aka maƙala wa sunanka taka ce a idon doka, kuma hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. An taɓa samun matafiyan da aka liƙa sunansu a jakar da ba su taɓa gani ba. Kafin ka bar kanta ka tambayi ma'aikacin ya tabbatar maka babu kaya ko ɗaya a kan sunanka, ka duba bayan katin shiga jirgi da fasfo ko an manna 'yar takardar kaya. Haka saƙon "ka kai wa wane" da ba ka buɗe da hannunka ba.

Game da tsarin hanyar, gyara biyu zan ba ka in ba ka riga ka yanki tikiti ba. Na farko, daga inda za ka shiga Saudiyya ka sauka Madina maimakon Jidda. Mai sauka Jidda da niyyar umara yana wuce mikati yana sama, don haka haraminsa dole ya kasance a jiki ko a hannu tun daga filin jirgi. Mai fara wa da Madina kuwa a Zul Hulaifa zai ɗaura, kuma harami a kasuwar Madina zai saya, ka ga giram 900 sun fita daga lissafin tun daga Kano. Daga Madina jirgin ƙasa na Haramain yana kai mutum Makka cikin sa'a biyu da 'yan mintuna, kuma a nan za ka ji daɗin rashin akwati. Na biyu, ka mai da umara ƙarshen tafiya: Istanbul, Alƙahira, sannan Saudiyya. Dalili shi ne Zamzam da tsaraba. Zamzam ba ya shiga jakar hannu saboda dokar mililita 100. A galan ɗin lita 5 da aka rufe a kwali ake bayar da shi, ta wajen awo. In ka ɗauke shi zuwa Alƙahira ka yi mako guda, jirgi na gaba zai iya ƙirga shi cikin kayanka ko ya ƙi karɓa.

Ba wanda zai dawo daga umara ya shiga gida da jakar goyo kawai ya zauna lafiya da 'yan'uwa, kuma ba sai ka yi hakan ba. Jirage huɗu na farko su ne masu haɗarin ɓatan kaya da wahalar ja, musamman da tikitinka ba na kamfani ɗaya ba ne: mai kayan awo a irin wannan hali sai ya fita ta shige da fice ya karɓi akwati ya sake awo, wani wurin ma sai da bizar ƙasar. A jirgi na ƙarshe wannan duk ya faɗi, domin ko kaya sun makara gida za su same ka. Kwana biyu kafin tashi ka sayi jakar bakko mai ƙarfi ko akwati mai araha a Makka, ka zuba dabino, carbi, darduma, jallabiyoyin yara da manyan kwalaben turare a tsakiyar tufafi, ka ɗaure da igiya, ka rubuta suna da lambar waya ciki da waje, ka ɗauki hotonta. Ka riƙe 'yar takardar awon har sai jakar ta shigo hannunka. In ba ta fito ba, ka cike takardar rahoton ɓatan kaya kafin ka bar zauren karɓar kaya; a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, in ta kwana 21 ba ta zo ba ana ɗaukar ta ɓatacciya ka nemi diyya, in kuma ta zo a fashe kwana 7 gare ka ka kai ƙorafi a rubuce.

Saura mako guda ka tashi, ka haɗa jakar tsaf, ka hau sikelin gida da ita ka sauka ka hau ba ita, ka cire. Sannan ka yi kwana huɗu a gida ba ka taɓa komai sai abin da ke cikinta, har da wankin dare da shanya a ɗaki. Abin da ba ka taɓa ba a kwana huɗun, in ba magani ko takarda ko kayan sanyi ba ne, ka fitar da shi. Takalmin da za ka tafi da shi ma ka saka shi a kwanakin, domin tsakanin Safa da Marwa da titunan Istanbul ƙafarka za ta yi aiki, kuma sabon takalmi a rana ta biyu yake fara cizo.